Riƙon Kyanwar Hajiya

A cikin kwandon roba mai ƙofar waya aka kawo mini ita, wata Asabar bayan la'asar, a tsakiyar zafin Dubai lokacin da ko marfin mota ba ya taɓuwa. Maigidana ne ya ɗauko ta daga Al Muraqqabat, can yankin Deira. Ya shigo da kwandon a hannu ɗaya, buhun abincinta a ɗaya, ya dire su a tsakiyar falo yana sharce gumi.

"Ga baƙuwarki nan," in ji shi. "Tun daga Deira take zagina, har muka shigo unguwar nan Al Nahda ba ta huta ba."

Na durƙusa na leƙa. Fara ce, da tabon ruwan toka a kunne ɗaya, ta maƙure a ƙarshen kwandon tana zare ido. Na ce mata sannu da zuwa. Ta buɗe baki ta hura mini iska.

Mai ita wata baiwar Allah ce 'yar Damagaram, ta girme ni nesa, Hajiya nake ce mata. A kasuwar Al Ras muka haɗu, a wani shagon kayan yaji, ina ta fama da guntun Larabcina a kan kanumfari. Sai na ji an ce daga bayana, "Ke 'yar Kano, aje wannan, tsoho ne. Zo in kai ki inda ake sai da na ƙwarai." Daga ranar muka ƙulla. Aikinta a wani ofishin kago ne, na masu aika kaya ƙasashen waje, tana taya 'yan kasuwar Nijar haɗa kaya da ɗaure su. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta guda yana can Yamai da iyalinsa. Kyanwar kuwa a bayan kwalaye ta tsince ta tana jaririya, ta raine ta da madara a murfin kwalba. Ita ke tarbarta a ƙofa in ta dawo aiki, ita ke kwana a ƙafafunta. Ban da ita Hajiya ba ta da kowa a ɗaki.

Zamewa Hajiya ta yi a matakalar sito, ƙashin ƙugunta ya karye, aka yi mata tiyata. Tana kwance a asibiti kuma mai gidan da take haya ya ce kowa ya tashi, za a cire katakon da aka rarraba ɗakunan da shi. Wasu 'yan garinsu suka ce in an sallame ta ta zo ta zauna da su, amma ɗakinsu irin mai gado kan gado ne, mutum ma da ƙyar yake juyawa, balle dabba.

Daga gadon asibitin ta kira ni.

"Ƙanwata, mussata. Ba ni da wanda za ni bar ma ita. Don Allah, don Annabi."

Mussa suke ce wa kyanwa a wajensu. Na ce, "Haba Hajiya, har sai kin haɗa ni da Allah? A kawo ta."

Ta yi ta jero mini yadda ake da ita. Kada a ba ta madara, tana ɓata mata ciki. Kada a bar tagar baranda a buɗe. A riƙa sauya mata yashin da take kewayawa a ciki. Daga ƙarshe ta ce, "Kullum za ni aiko mata da murya ta waya. Ki kunna mata ta ji, kar ta ce na yar da ita."

Na amsa da to, amma a raina sai da na yi murmushi. Mu a gidanmu na Kano mage ta kama ɓera ce, ta lashi kwanon da aka bari, ta haye katanga ta tafi maƙwabta. Ban taɓa jin wanda ya aika wa mage da saƙo ba. Sai dai amana ce, kuma na karɓa.

Kwanakin farko a bayan injin wanki ta tare. Ba ta fitowa sai gida ya yi tsit. Da hantsi saƙon Hajiya zai shigo, in ajiye wayar a ƙasa in kunna. Hausa ce gauraye da Faransanci, da wani ɗan tsotson leɓe da take yi, da kiran sunanta ana jan ƙarshensa kamar waƙa. Kafin a ce me, kyanwar ta fito a guje. Ta zagaya wayar, ta tura ta da hanci, ta leƙa ƙarƙashinta. Da muryar ta ƙare sai ta nufi ƙofar fita ta zauna, ta fara kuka. Wani irin kuka ne mai tsawo da ban san mage na yin sa ba. Haka za ta yi har azahar, wani lokaci har la'asar, abincin yana nan yadda na zuba. Ina salla ina jin ta. Ina yanka albasa ina jin ta. Ƙashin bayanta ya fara fitowa.

Ni 'yar riƙo ce. Ni ce 'yar fari a wajen Innarmu, ana yaye ni Gwaggo, yayar babanmu, ta ɗauke ni daga ƙauye ta kawo ni cikin birni. A hannunta na girma, kuma na ga yadda ta riƙe waɗanda suka zo bayana. Gwaggo tana da ƙa'ida. Yaron da aka kawo mata, ba a ambatar uwarsa a gabansa. In baƙi sun zo daga garinsu, sai ta aike shi gidan maƙwabta har su tafi. Ta kan ce wa matan gida, "Ku daina tuna masa, ku bar yaro ya zauna. Kuna tayar masa da hankali, ku tafi ku bar ni da kuka." A hannu take ba shi abinci, a bayanta yake kwana, ta raɗa masa sunan da ita kaɗai ke kiransa da shi. Ba a daɗewa sai ka ga yaro ya yi kumatu yana bin ta har banɗaki. Duk unguwa an san Gwaggo ta iya riƙo, ni ma da wannan na tashi, cewa haka ake yi.

Saboda haka na kira Hajiya na faɗa mata gaskiya. Na ce muryar nan tana hana ta cin abinci, ina ganin a ɗan dakata har ta saba.

Ina jin ƙarar wani abu na asibiti a bayanta. Can ta ce, "To. Ke ke ganin halinta. Yi yadda kika gani."

Ba ta daina aikowa nan da nan ba. Saƙon zai shigo, in shige kicin in rufe ƙofa, in kara wayar a kunne in saurara ni kaɗai. Tana ba kyanwar labarin abincin asibiti marar yaji, da ma'aikaciyar jinyar da ke tilasta mata takawa. Daga baya saƙon ya koma jefi-jefi. Daga baya ya tsaya. Na lura da tsayawarsa, ban kuma tambaya ba.

Ni kuwa na shiga riƙo irin na Gwaggo. Na sa maigida ya biya kasuwar kifi, na dafa ba gishiri, na zare ƙaya, na zauna a ƙasa kusa da injin wankin na miƙa hannu ina kallon wani wajen. Ranar da harshenta mai kaushi ya taɓa yatsana, sai da na ce alhamdu lillahi a fili. Sunan da Hajiya ke kiranta da shi bai zauna a bakina ba, kuma ban yi ƙoƙarin ya zauna ba. Auta na riƙa ce mata. Yarana biyu duk suna jami'a a gida Najeriya, maigida kuma tun da sassafe yake fita don ya riga cunkoson motocin da ke kwararowa daga Sharja, ba ya dawowa sai magariba. Kafin zuwanta, daga ni sai ƙugin na'urar sanyi. Yanzu ga mai bi na daga kicin zuwa ɗaki. Ina shimfiɗa darduma za ta zo ta kwanta a gefen da goshina ba ya sauka, kamar an koya mata. In na sallame ta hau cinyata, ina jan carbi tana kai wa tuntunsa hannu.

Maigida ya samu abin tsokana. Yana shigowa zai ce, "Auta ta ci?"

"Ta ci."

"To madalla. Mu 'yan haya ko ruwa a ba mu."

Wata rana Hajiya ta kira ta ce likita ya ƙara mata lokacin gashin ƙashi, ba za ta iya zirga-zirga ba tukuna, in ƙara haƙuri da baƙuwata. Na ce Allah ya ba ta lafiya, kuma har zuciyata nake nufi. Amma ina ajiye wayar na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, irin na wanda aka ƙara wa hutu. Na tsorata da kaina. Mace tana can tana koyon taku kamar jaririya, ni ina nan ina jin daɗi. Na yi ta istigfari a ranar. Na gama istigfarin, na tashi na dafa wa Auta kifi.

Ina tura wa Hajiya hotuna. Ta ce, "Ta yi ƙiba wallahi, Allah shi saka miki." Akwai wanda na ɗauka Auta ta naɗe a cikin mayafina tana barci, ta rufe fuska da hannu. Sai da na tura na ga abin da na tura. Hajiya ta buɗe, alamar ta nuna ta gani, ba ta ce komai ba sai washegari, shi ma gaisuwa ce kawai.

Har zafi ya karye, aka fara buɗe tagogi da yamma, sannan ta samu ɗaki. A ƙasa yake, ba hawa, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga, tare da wata 'yar Sudan da ba ta ƙin mage. Sai ƙarshen wata za a ba ta makulli, amma ta ce ba za ta iya jira ba, ranar Juma'a za ta zo ta ga 'yarta.

Na yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Bayan an sauko daga masallaci maigida ya ɗauko ta. Ta rame, ta yi haske, ta ci ado da sabuwar atamfa kamar mai zuwa suna, tana dogara sandar ƙarfe. Ko zama ba ta yi ba. Tun daga bakin ƙofa ta fara wannan tsotson leɓen, ta kira sunan, ta ja ƙarshensa.

Auta tana kan kujera. Ta ɗaga kai, kunnuwanta suka motsa. Ta diro, ta yi taku biyu wajen Hajiya, ta tsaya. Sai ta juyo ta shige bayan zanina, ta manne da ƙafata. Hajiya ta sunkuya iyakar yadda ƙugunta ya bari, ta miƙo hannu. Auta ta hura mata iska, irin wadda ta hura mini ranar farko, ta ruga ɗakina ta shige ƙarƙashin gado.

Maigida ya yi saurin cewa, "Sandar ce, Hajiya. Sandar take tsoro. Ni ma da na gan ki da ita sai da na gyara tsayuwa."

Hajiya ta yi dariya. "Kai dai Kanawa! A ba ku ajiya, a dawo a tarar kun yi mata takardun gado." Ta ɗaga murya wajen ɗakin. "'Yar banza, kin ci kifin Kano kin mance Damagaram ko?"

Tana dariyar tana gyara mayafinta da ba abin da ya same shi. Ta ja shi gaba, ta mayar baya, idonta yana kan bango.

Na san wannan dariyar. Ina dab da shiga firamare Innarmu ta zo birni da sallah. Ta yi sallama a tsakar gidan Gwaggo da ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu. Na ruga na ɓuya a bayan Gwaggo, na riƙe zaninta, na ce da ƙarfi, "Gwaggo, wace ce wannan?" Matan gida suka kwashe da dariya. Inna ma ta yi, tana gyara mayafi tana kallon bango. Ni 'yar fari ce, kunya ba ta bar ta ko ta kira sunana ba, balle ta jawo ni jikinta. Ta ajiye ƙullin a kan tabarma, ta gaisa da kowa, da la'asar ta kama hanyar tasha. Shekara da shekaru ina ba da labarin nan a matsayin abin dariya. Ban taɓa bin ta da tunani zuwa tashar ba sai ranar Juma'ar nan, ina tsaye a falona da ludayi a hannu.

Hajiya ta taɓa tuwon kaɗan, ta yaba miyar. Da ta tashi tafiya ta kama hannuna a bakin ƙofa, ta rage murya.

"Ƙanwata, riƙe ta. Ta samu wuri."

"Wallahi Hajiya ba zan riƙe ba. Taki ce."

"Ba ni ɗaukar ta tana kuka. Na ji kukan da kika ce tana yi, ba ni so a sake."

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda bakina ya so ya ce to. Kalmar tana nan a kan harshena, ga ta an miƙo mini da hannu biyu, ba wanda zai zarge ni. Na tuna ɗakin da za ta shiga a ƙarshen wata, ta buɗe ƙofa da sanda a hannu, ba mai tarbarta. Na juya wajen maigida na ce, "Ɗakin yara ba kowa a ciki."

Ya dube ni, ya dubi Hajiya. "Khalas, shi ke nan," in ji shi. "Gobe in ɗauko kayanki. Gado kan gado ai ba na mai ciwon ƙugu ba ne."

Ta yi ta a'a, muka yi ta i, har ta gaji.

Zamanta a gidanmu shi ne mafi wuya a wajena, don abin da na ɗinka da hannuna shi na zauna ina farkewa. Na kwashe kwanon Auta da ruwanta na kai ɗakin Hajiya. In na dafa kifi sai in miƙa wa Hajiya a faranti in fito. Na daina kiran ta Auta, na koyi sunan nan da na ƙi koya. In zan yi salla sai in rufe ƙofa. Za ta zo ta zauna a waje tana kartar ƙofar, tana wannan dogon kukan, yanzu kuma ni take yi wa. Ina ruku'u ina ganin ɗan farin hannunta yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana lalube. In na fito ta zo tana goga kai a ƙafata, in ɗauke ƙafar in wuce kicin. Dabbar da ba ta san komai ba, ni na koya mata cinyata, ni kuma na hana ta. Mun taso ana tsoratar da mu a Islamiyya game da haƙƙin mage, har na kai ga tambayar maigida ko ina da alhaki. Ya ce abinci yana nan, ruwa yana nan, ba a tsare ta ba. Amsar daidai ce, amma ba ta hana ni hawaye a kan dardumar ba.

Hajiya ba ta bi ta ba, ba ta kuma yi ta kira ba. Takan bar ƙofarta a buɗe, ta jingine sandar a bayan labule, ta sa turarenta na wuta, ta zauna a gado tana tsinke zogale ko tana waya da 'yan kasuwarta, Faransanci yana ta zuba. Farantin kifin yana ƙasa kusa da ƙafarta. Yunwa ta fara kai kyanwar bakin ƙofar. Daga baya ta riƙa shiga ta wawuri tsoka ta fito da gudu. Daga baya ta riƙa ci a can.

Wata yamma muna tsinkar zogalen tare na ba Hajiya labarin Gwaggo da Inna da ƙullin ƙuli-ƙuli. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Innar taki tana da rai?" Na ce tana nan. Ta ce, "To me kike jira?" Na kira Inna a ranar. Ta tambaye ni zafi, ta tambayi maigida da yara, ta ce in riƙa cin abinci. Har yau ba ta kiran sunana. Na buɗe baki in tambaye ta ranar sallar nan, na kasa. Na dai daɗe a kan wayar fiye da yadda na saba, har ta ce, "Lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, muryarta nake son ji.

Ana saura kaɗan wata ya ƙare, na idar da azahar na lura ba a karci ƙofa ba. Na fito a hankali. Ƙofar Hajiya a buɗe, tana kishingiɗe, kyanwar ta miƙe a jikin ƙafar da aka yi wa aiki, tana wannan gurnanin nasu na jin daɗi. Hajiya ta gan ni, ta ɗora yatsa a leɓe. Fuskarta jiƙe take. Na koma da baya na shige kicin. Na yi hamdala, kuma na yi kishi, duka a tsaye ɗaya.

Ranar tafiya ban fito rakiya ba. Ina jin su a falo, maigida yana cewa yalla, a hanzarta kafin hanya ta cushe, Hajiya tana lallaɓa kyanwar ta shiga kwandon. Kyanwar ta yi kuka kaɗan, ban san wa take yi wa ba. Na tsaya ina sake wanke kwanukan da na riga na wanke har na ji ƙofa ta rufe.

Bayan kwana biyu Hajiya ta kira. Ta ce kyanwar ta ci abinci, ta zagaya ɗakin, ta zaɓi taga. Sannan ta ce, "Ki aiko mata da murya mana, in kunna mata."

Na ce, "A'a Hajiya. A bar ta ta zauna."

Sai da maganar ta fita na ji ta wace ce. Har yanzu ban san ko Gwaggo daidai ta yi ba, ko kuskure. Na dai san a hannunta na yi kumatu, kuma na san wadda ta biya.

Na daɗe ban je ba, da gangan. Da na je, na hau jirgi na sauka a Al Rigga da kwanon dambun kifi, na Hajiya da 'yar Sudan ɗin. Kyanwar tana kan taga. Ta diro, ta zo ta shinshina yatsun ƙafata, ta daɗe tana shinshinawa. Na ƙi sunkuyawa. Sai ta juya ta haye cinyar Hajiya ta naɗe.

"Kin gani ko?" in ji Hajiya. "Ba ta da kunya ko kaɗan. Zauna, ƙanwata, shayi ya kusa."

Na yi dariya na zauna. Hannuna ya tafi wajen mayafina, na kama shi na mayar kan cinya.